Kwale-kwalen Madam Bahijja

Shekarar da aka ɗauki Bahijja koyarwa a Guji, wato 1997, unguwar ba ta gama zama unguwa ba. Gida nan, fili can, sai ramukan da aka ɗebi ƙasar gini. Makarantar ta iyayen yara ce, su suka haɗu suka tada ɗakuna uku na laka a wani fili da aka ba su aro. Ajin Bahijja na 'yan shekara bakwai zuwa tara ne, yara tamanin da bakwai a kan benci goma sha ɗaya. Littafin lissafi guda ɗaya ne, shi ma a hannunta yake.

Daga Sabangali take zuwa kullum, unguwar da kakanta ya sauke kaya a hanyarsa ta Makka bai ƙara gaba ba. A gida Hausa take yi, a hanya Larabci, a aji Faransanci. Yaran kuwa kowa da harshen gidansu, Faransancin ne kaɗai ba na kowa ba. Amma in ta ce su karanto jadawalin ninkawa, sai su ɗauka da murya ɗaya har masu wucewa a titi su ji. Wata uku tana jin daɗin wannan, kafin ranar da ta kira wata yarinya mai suna Shatu gaban allo ta ce ta haɗa ashirin da takwas da biyar. Shatu ta rubuta 213. Bahijja ta tambayi ajin ko daidai ne, suka ce daidai ne, Madam.

Ta koma gida ranar ba ta iya cin abincin kirki ba.

A ƙarshen makon ta raka ƙanwar babanta, Goggo Dije, ƙauyen Gawi sayen randa. Goggo na ciniki, ita kuma ta tsaya kallon wata tsohuwar maginiya tana mulmula ragowar yumɓu a tafin hannu. Ta roƙe ta ta yi mata irin waɗannan 'yan dunƙulen guda ɗari biyar, kowanne da huda a tsakiya, a gasa su tare da tukwane.

"Carbi za ki yi wa aljanu?" in ji Goggo Dije.

"Lissafi zan koyar da su, Goggo."

"Da yumɓu? To, Allah ya ba da sa'a."

Ta zura su goma-goma a zare, ta bar wasu a warwatse. Amma abin da ya fi kama yaran shi ne wasan da ta ƙago a tsakar makaranta. Ta ja layi biyu a ƙasa ta ce wannan kogin Shari ne, wancan gefen kuma garin Kuseri. Ta shimfiɗa tabarma ta ce ga kwale-kwale, mutum goma yake ɗauka, ko ɗaya ba ya ƙarawa, kuma ba ya tashi sai ya cika. Ta tsallakar da kwale-kwale biyu cike da yara. Ta zaunar da takwas a na uku, sannan ta turo biyar daga baya. Biyu suka shiga, ajin ya ɗauki ihu, "Ya cika! Ya cika!" Aka ja tabarma aka haye, uku suka rage a bakin gaɓa suna zumɓura baki.

"Shatu, kwale-kwale nawa ne a Kuseri?"

"Uku, Madam."

"Mutum nawa suka rage?"

"Uku." Yarinyar ta dubi ƙasa, ta dubi malamar. "Talatin da uku ne ashe."

Da suka zo ragi, wato ɗebewa, kwale-kwale ya riƙa dawowa yana sauke mutanensa. Kafin damina, yaran da ba sa iya gaisuwa da Faransanci suna haɗa lambobi masu gida uku da dunƙulen yumɓu, ba sa kuskure.

Direktan makarantar, Musyu Ilyasu, mutum ne mai haƙuri da tsoron magana. Yakan tsaya a ƙofar ofishinsa yana kallo yana murmushi, sannan ya ce, "Madam, ki dai rage hayaniyar." A shekara ta biyu sufeto ya zo ba sanarwa, ya tarar da aji babu kowa, yara a tsakar rana suna jan tabarma. Ya sa aka mayar da su ciki. Ya nuna wata yarinya ya ce ta karanto jadawalin bakwai. Ta kai bakwai sau huɗu ta tsaya, ta miƙa hannu za ta ɗauki dunƙule.

"Ajiye wannan," in ji sufeto. "Ranar jarrabawa da tukunya za ki shiga?"

"Ranka ya daɗe, in ka bar ta za ta samo amsar da kanta," in ji Bahijja.

"Madam, wace makarantar horon malamai kika yi?"

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta gama sakandare ne, iyayen yara suka ɗauke ta. Ya rubuta abin da zai rubuta ya hau motarsa.

Maganar ta kai kunnen iyaye, aka kira taro. Wani dattijo ya miƙe ya ce shi bai turo ɗansa lekol, wato makaranta, don ya yi wasan ƙasa ba, wannan ko a ƙofar gida yana yi. Wata uwa ta ce kullum sai ta wanke yunifom. Babu wanda ya tambayi ko yaran sun iya lissafi. Musyu Ilyasu ya raba gardama, ya ce wasa sai rabin awan ƙarshe na ranar Asabar.

Haka ta yi shekara tara. Rabin awa ba ya isar yara tamanin, sai ta riƙa ɓoye dunƙulen a jakarta tana zagawa benci-benci. Abin da ya fi ci mata rai shi ne abin da ke faruwa in sun bar ajinta. Malamin aji na gaba da bulala yake koyarwa, wanda ya ƙirga da yatsu sai ya sha biyar. A cikin shekara ɗaya suke komawa waƙar jadawali. Da sa'o'in Shatu suka zauna jarrabawar shiga sakandare, bakwai suka ci cikin hamsin da ɗaya. Bahijja ta karɓi takardar tambayoyin ta karanta a tsaye. Lissafin ba wuya, ko a ajinta za a yi shi. Amma an nannaɗe shi cikin dogon Faransanci, labarin jirgin ƙasa da famfon da ke cika baho. Yawancin yaran ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Shatu tana cikin waɗanda suka faɗi, kuma ba ta sake gwadawa ba.

"Ki bar wahalar da kanki," in ji Goggo Dije. "Yayanki na neman mai zama a shago."

"Bari in ga wannan shekarar, Goggo."

Kowace shekara haka take faɗa.

A farkon Fabrairun 2008 yaƙi ya shigo har cikin gari. Kwana biyu suna kwance a ƙasan ɗaki ana harbi, da ya lafa suka bi ayarin mutane suka tsallaka gada zuwa Kuseri, Bahijja riƙe da hannun Goggo Dije wadda ƙafa ta fara gaza mata. Sati uku suka yi a can. Da suka dawo ta hau babur ɗin haya zuwa Guji. Ƙofofin makaranta babu, benci babu, har kwanon rufin ɗaki ɗaya an ɓalle. Jakar dunƙulenta tana nan a kusurwa, an zazzage an tattake, ba wanda ya ga amfanin ɗauka.

Yara talatin da ɗaya suka dawo ajinta. Wasu iyayensu sun koma ƙauye, wasu ba a san inda suke ba. Ta koyar da su a ƙasa har ƙarshen shekara. A lokacin hutu mai filin makarantar ya rasu, magada suka sayar, domin ƙasa ta yi daraja a Guji. Musyu Ilyasu da kansa ya zo Sabangali ya gaya mata, yana juya hularsa a hannu. Ya ce ya samu aikin rubutu a wani kamfanin motoci, ita ma ta nemi abin yi.

Ba ta yarda ba sai da ta je ta gani. An kewaye wurin da katangar siminti, an fara zuba ƙarfe. Ta shiga unguwa gida-gida tana neman ɗalibanta. Makarantar gwamnati ta yi nisa kuma ta cika, aka ce mata. Wata uwa ta ba ta aron zaure, ta tara yara shida. Bayan wata ɗaya suka koma huɗu, domin biyu an sa su ɗiban ruwa wa magina. Sannan mai zauren ta ce mijinta zai mai da shi shago.

Ta rubuta takardar neman a ɗauke ta a makarantar gwamnati, ta kai da hannunta. Sau huɗu tana komawa. A na ƙarshe wani ma'aikaci ya buɗe fayil ɗin a gabanta, ya duba shafi biyu, ya ce ba da mugunta ba, "Hajiya, makarantar nan da kika ce kin yi shekara goma sha ɗaya, ba ta cikin rajistarmu. A takarda, ba ki taɓa koyarwa ba."

Ta yi masa godiya ta fito. A bakin titi ta daɗe tsaye, masu babur suna tsayawa suna tambayarta ina za ta, tana girgiza kai. Ranar Litinin ta fara zama a shagon yayanta, inda ake sayar da atamfa. Masu saye suna kiranta Hajiya maimakon Madam, ita kuma ba ta gyara musu.