Rabin Hanyar Aune

Sau uku aka yi ruwa a cikin Janairun bana, abin da ko tsofaffin ƙauyen suka ce ba su saba gani ba. Ruwan zai sauka a kan dusar ƙanƙara, washegari sanyi ya dawo ya daskarar da shi, sai a wayi gari hanya ta koma kamar an shimfiɗa mata gilashi.

Marjut ce ke tuƙa taraktar ƙaramar hukuma mai watsa yashi a hanyoyin ƙafa. Shekararta goma sha ɗaya a kan wannan aiki, kuma ba ta taɓa ganin daɓen rumfar yashi ba sai bana. Ranar Alhamis ɗin nan da shebur ta kankaro abin da ya rage a lungu, bai ko kai rabin abin da takan ɗauka a sawu ɗaya ba. An ce motar yashi sai nan da mako biyu, don garuruwan maƙwabta ma nasu ya ƙare. Aka ce ta zuba a ƙofar asibiti da ta makaranta da gaban kanti, sauran hanyoyi kuwa kowa ya san yadda zai yi.

Amma ba ƙarewar yashi ce ta hana ta sukuni ba, wata takarda ce da ke cikin aljihun rigarta. An samu ɗaki a gidan kula da tsofaffi na cikin gari, an ba su zuwa gobe Juma'a su ce suna so ko ba sa so. Mahaifiyarta Aune, mai shekara tamanin da uku, ita kaɗai ke zaune a jan gidan katako da ke ƙarshen hanyar tafki.

Aune ba ta iya doguwar tafiya, gwiwa ta hana. Amma da zarar sanyi ya shigo sai ta fito da potkuri, kujerar katakon nan mai dogayen ƙarafa biyu a ƙasa. Ta riƙe maƙallan bayanta, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan ƙarfe, ta riƙa tunkuɗa ƙasa da ɗayar, kujerar na sulalewa da ita har kanti. Saboda masu irin wannan kujera ne tun kaka da kakanni ba a watsa yashi a duk faɗin hanya. Rabi na masu tafiya da ƙafa ne, rabi kuma a bar shi da santsinsa, don ƙarfe ba ya gudu a kan yashi. Marjut ta fi kowa sanin haka, ita ce ma ke koya wa sababbin direbobi.

To amma mako uku da suka wuce, ranar da matar Veikko, maƙwabcin Aune, ta zame a bakin ƙofa ta karya ƙugu, tsoro ya kama Marjut. Ta juya tarakta ta nufi hanyar uwarta, ta zuba yashi daga wannan gefe zuwa wancan, mai kauri, tun daga matakalar gidan har bakin titi.

Aune ta buɗe taga ta leƙo. "Kin kashe min hanya."

"Na dai hana ki karyewa, Mama."

"To, sannu da ƙoƙari." Ta rufe tagar.

Tun daga ranar Aune ba ta ƙara fita ba. Madara sai an kawo mata, magani sai an kawo mata. Duk zuwan da Marjut ta yi, a bakin taga take tarar da ita, kofi ya huce a gabanta, magana ɗaya biyu ta yi shiru. Da Marjut ta gaya wa yayanta Jouko a waya, ya ce, "Tsufa ne, kar mu yaudari kanmu. In ɗaki ya samu ki karɓa." Ita ma haka ta gani. Rabonta da gidan tun Lahadi, aiki ya sha mata kai, kuma duk kiran da ta yi sai Aune ta ce, "Ina cikin aiki," ta kashe. Wane aiki? Wannan ma Marjut ta sa shi cikin alamun tsufan.

Da rana ta ɗan leƙo wajen ƙarfe goma sha biyu, Marjut ta ajiye tarakta a bakin titi ta gangara da ƙafa, tana ta maimaita yadda za ta fara maganar. Ba ta yi taku goma ba ta tsaya.

Hanyar ta rabu biyu. Hagu yashinta ne yadda ta zuba shi. Dama kuwa an share shi tas, ƙanƙara na sheƙi tun daga nan har ƙofar gida, miƙe kamar an ja da zare.

Ta bi ta hagu da sauri. Ƙofa a buɗe take kamar kullum. Cikin gidan ɗumi, murhun gasa burodi bai gama hucewa ba, amma ba ƙamshin burodi. A kan tebur ga farantan gashi guda uku, biyu babu komai, ɗaya cike da yashi. "Mama?" Shiru. Ta fito ta duba baranda, babu potkuri.

Matar da ta yi mako uku ba ta taka waje ba, ga shi ta fita a ranar da babu ko ƙwayar yashi a hanyoyin ƙauyen. Ta duba ƙasa, ta ga siraran layuka biyu da ƙarafan suka bari, sun bi gefen tafki. Ta bi su tana dafa shinge, tana tsammanin a kowace kwana za ta ga kujera a kife.

A gidan farko ta ga matakala da ɗan filin gabanta an yayyafa musu yashi, baƙi-baƙi, da alama an gauraya shi da toka. Kaɗan ne ƙwarai, ana ganin ƙanƙarar ta tsakaninsa. Duk da tsoron da take ciki sai da ta sunkuya, ta cire safar hannu ta shafa. Ko ƙwaya ɗaya ba ta motsa ba. Kowace ta nutse rabi a cikin ƙanƙarar ta kama, kamar an dasa ta. Nata na tarakta da ta zuba iska ke fara kwashewa, takalma su watsar da saura. Ta tuna farantan da ke kan tebur. Da zafinsa aka zuba wannan.

Gida na biyu ma haka. A na uku, wajen akwatunan wasiƙa, ta ji murya.

"Girgiza a hankali, Veikko, ba miya kake sa wa gishiri ba."

Aune ce tsaye riƙe da kujerarta, bokiti biyu a kan mazaunin an lulluɓe su da tsohon bargo, tururi na fita ta gefe. Veikko na gabanta da gwangwanin kofi da aka huhhuda wa gindi da ƙusa, yana yayyafawa. Su biyun sun ja safar ulu a kan takalmansu. Kumatun Aune sun yi ja, hula ta karkace.

Veikko ne ya fara ganinta. "Shi ke nan, Aune, ga mai yashin hukuma nan ta zo kama ɓarauniya."

"Wace ɓarauniya? A ƙofata aka zubar, ban roƙa ba."

Marjut ta tsaya tana haki. "Mama, wa ya share miki hanya?"

"Ni da tsintsiya."

"Mita ɗari uku ce fa."

"Ai ban ce rana ɗaya ba. Litinin da Talata da aka yi ɗumi ƙanƙara ta sake shi. In share taku ashirin, in koma in sha kofi, in dawo. Jiya sanyi ya gyara min gefena."

"Da kin faɗi fa?"

"Da na faɗi a kan naki. Katifa guda kika zuba, ko jin shi ba zan yi ba."

Veikko ya yi dariya har gwangwanin ya karkace. Aune ta harare shi. "Ka ga ɓarna. Wannan da ka zubar ya ishi matakalar malamar makaranta."

"Gida nawa kika yi?" in ji Marjut.

"Da na jiya, wannan ne na bakwai. Bokiti ɗaya yana yin gida uku, in mai girgizawa na da hankali."

Marjut ta san abin da take zubawa a gaban gida ɗaya, kuma ta san da wanda ta juye a hanyar uwarta da yanzu tana da na ƙofar asibiti na kwana huɗu. Ta kalli hannuwan Aune a kan katakon, yatsu sun lanƙwashe amma riƙon daram. Ba wannan ba ce matar da take gani a bakin taga.

Aune ta ce, "Fito da ita."

"Da me?"

"Takardar. Jouko ya kira ni shekaranjiya, bai iya ɓoye komai ba tun yana yaro. Veikko, je ka yi ƙofar baya."

Veikko ya ɗauki bokiti ɗaya ya wuce, yana taka ƙasa a hankali kamar mage.

Marjut ba ta fito da takardar ba. Ta ce, "Mako uku ba ki fita ba, Mama. Na ɗauka ƙarfinki ne ya ƙare."

"Da me zan fita? Ƙafata kika ɗaure."

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Na gaya miki. Kin ba ni amsa." Aune ta gyara bargon da ke kan bokitin. "Ban ce ba zan taɓa zuwa can ba, Marjut. Ranar na zuwa, ni ma ina ƙirga matakala. In ta zo ke zan fara gaya wa. Amma ni za ki tambaya, ba yayanki da ke zaune a birni ba, wanda ko takalmin sanyi na kirki ba shi da shi."

Marjut ta matso don ta riƙe ta, ta manta inda take takawa. Ƙafarta ta hau gefen santsi, ta tafi gaba ɗaya, ba don ta cafki maƙallin kujerar ba da ta kai ƙasa. Kujerar ko gezau, Aune ta danne ta da ƙafa.

"Mai yashi ke nan," in ji Aune. "A ina kika bar motarki?"

"Bakin titi."

"Da wannan takalmin ba za ki kai ba. Ɗauki bokitin ki rungume, ki zauna."

"Mama, na fi kilo saba'in."

"Ba ɗaukar ki zan yi ba, turawa ce. Zauna."

Marjut ta duba hagu da dama ko akwai mai kallo, sannan ta zauna, bokitin a cinyarta, ɗuminsa na ratsa wandon aiki. Tunkuɗa ta farko da ƙyar kujerar ta motsa. Ta biyu ta ɗan ja. A ta uku ƙarafan suka saki, suka fara wannan siririn kukan nasu, shinge ya soma wucewa ta gefe. Iska ta sa mata ƙwalla. A bayanta tana jin numfashin uwarta, mai nauyi amma a daidaice, taku biyar da dama, ta sauya, biyar da hagu.

"Minti nawa kike barin yashin a murhu?" ta tambaya ba tare da ta juya ba.

"Har sai kin kasa sa hannu a ciki. Toka kofi ɗaya. Me ya sa?"

"Akwai murhu a rumfarmu."

"Kar ki cika farantin, ba ya yin zafi a tsaka."

Marjut ta lalubo waya da hannu ɗaya, ta nemo lambar gidan tsofaffin. Wata mata ta ɗauka. Marjut ta faɗi sunanta da na mahaifiyarta, ta ce sun gode ƙwarai, a ba wani ɗakin.

Matar ta ce an saba jin haka daga bakin mai ɗakin da kanta, ko tana kusa?

"Tana kusa," in ji Marjut. "Amma ki kira anjima. Yanzu tuƙi take yi."