Rufin da Ya Toshe wa Gwaggo Kunne

Gidajen layin nan a manne suke da juna, bangon wannan shi ne bangon wancan. Wanda ya gina su kuwa ya yi rowar bulo, don bangon da ya raba gida da gida bai kai kwano ba, a silin ya tsaya. Saboda haka duk abin da aka faɗa a ɗakin tela, maƙwabcin Gwaggo, sai ya hau sama, ya tsallaka, ya sauko wa Gwaggo har kan gadonta.

Gwaggo ba ta taɓa kai ƙara ba. Tun da maigidanta ya rasu, yara suka watse, silin ɗin nan ne abokin hirarta. Ta san ranar da tela ya ƙona wa wata yadi da dutsen guga ya ce ɓera ne. In suka yi faɗa da matarsa, tana kwance take yanke hukunci, kuma yawanci tela ne marar gaskiya.

Sai kwano ya fara yoyo. Roba nan, bokiti can, da rana kuma ɗakin kamar tanda. Autanta ya zo ya gani, ya ce wannan ba zama ba ne, ya turo kafinta.

Kafinta ya hau tsani ya leƙa, ya sauko yana kaɗe hula. Ya ce za a cire kwanon kan gidanta a buga sabo, a shimfiɗa wata auduga mai kauri tsakanin kwano da silin don ta tare zafi, sannan a cike giɓin nan na kan bango.

"Kin huta, Gwaggo. Ba zafi, ba yoyo. Ko ganga maƙwabta suke kaɗawa ba za ki ji ba."

Ba dama ta ce a bar mata hanyar jin gulma, sai ta huce a kan farashi. Ko rufe baki kafinta bai yi ba ta ce tsada, cuta ce tsagwaronta. Bawan Allah bai yi fushi ba. Ya faɗa mata kuɗin kwano, na katako, na auduga, da ladan hannunsa, ya ce ta tambaya ko'ina. Ta kuwa tambaya, cike da fatan ta kama shi, amma duk wanda ta kira sai ya faɗi abin da ya fi nasa. Nan take ta juya, ta ce arhar nan ba banza ba, kayan jabu zai sa.

"Mama," in ji auta a waya, "ɗazu tsada, yanzu arha. Wanne zan kama?"

"Ka kama bakinka."

Ya kama bakinsa, ya biya kafinta.

Ranar aiki Gwaggo ta haɗa shayi mai kauri, madara har da ƙari, ta tsaya gindin tsani tana murmushin da ba a saba gani ba.

"Ɗan nan, in ka kai saitin gadona, ka bar ɗan wuri kamar tafin hannu. Saboda iska."

"Ai iska ta taga take shigowa, Gwaggo."

"Wannan wata iskar ce daban."

Kafinta ya dube ta, ya dubi bangon tela, ya danne dariya. Ya ce aiki cikakke aka biya shi, in ya bar rami zafi zai bi, gobe a ce ya ci kuɗin auta. Ya shanye shayin tas, marar kunya, ya koma sama ya ninka audugar a daidai wurin da ta nuna.

Aiki dai ya yi kyau, ko maƙiyi ba zai kushe ba. Ɗaki ya yi sanyi, bokitai suka koma banɗaki. Amma shiru ya cika gidan. Gwaggo ta kwanta ta kasa kunne, ba ta jin komai sai kukan firij. Ta manna kofi a bango, ta hau kujera da sandar tsintsiya tana zungurar silin, duk a banza. Kaɗaicin da ta daɗe tana kauce wa ya same ta sosai, har abinci ya fita ranta.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Matar tela ce, wadda tsakaninsu bai taɓa wuce gaisuwa ba.

"Gwaggo, lafiya dai? Shiru muka ji."

"Shiru kuka ji?"

"Wallahi gidan ya yi mana faɗi. Maigidan ma ya kasa ɗinki. Shi ne ya ce in tambaya, surukin nan naki da kike yi wa wankin babban bargo a waya, ya maido wa 'yarki motarta kuwa? A nan labarin ya yanke mana."

Gwaggo ta yi tsaye riƙe da ƙofa. Duk shekarun nan bai taɓa faɗo mata a rai ba cewa abin da ya tsallako zai iya tsallakawa. Ta tuna zagin da take surfa wa dangi a waya, da waƙar da take rerawa in tana ninke kaya. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Amma a ƙarƙashin kunyar wani daɗi ne ya taso mata, har idonta ya ciko. Ashe akwai masu jin motsinta, har su damu in ya ɗauke.

Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta tsuke fuska.

"Bai maido ba. Shigo ki zauna, maganar ba ta tsaye ba ce. Kuma ki faɗa wa mijinki, daga yau in za ku yi faɗa, ku riƙa buɗe taga."