Akushin Bare

A ƙauyenmu na masu riƙe da tsohuwar hanyar coci, ba ma haɗa kwano da bare. Kowane gida yana da akushi guda a rataye bayan ƙofa, don baƙon da ba ya ibada irin tamu. Da yayana Lukyan ya dawo daga soja bayan shekara ashirin da biyar, ba gemu, yana warin taba, alhali aske gemu da shan taba haramun ne a wurinmu, Kondrat mai ja mana addu'a ya ce a wannan akushi zai riƙa ci, har sai ya tuba ya yi sujada dubu.

"Baba Kondrat, sujada ga wa?" in ji Lukyan. "Na kira Shi a bakin ramin da muka zuba mutum ɗari uku. Har yau shiru kake ji."

Kwana tara ina zuba masa miyar kabeji a akushin, yana ci a bakin ƙofa, raina yana ƙuna. Shi ne fa ya goya ni muna yara. Rana ta goma na ga ya ɗaure kayansa. Na san in ya fita, sai dai labari.

Ana cikin haka Kondrat ya leƙo, wai duba lafiyarmu ya zo. Shi kam duba lafiyarsa kullum sai miya ta nuna.

Na karɓi akushin daga hannun Lukyan, na kafa baki na shanye sauran miyar.

"Fedosya, kin san abin da kika yi?" in ji Kondrat.

"Na sani, Baba. Miyar ma gishiri bai ji ba."

"Ba za ki ƙara shiga ɗakin addu'a ba."

"To. Allah ai Yana jin na waje."

Cika baki ne kawai. Shekara arba'in ban taɓa fashin addu'a ba.

Ran Lahadi na tsaya bayan taga cikin ƙanƙara, ina bin waƙar da ake yi a ciki, ina hawaye. Sai na ji mutum a gefena. Lukyan ne, ba kaya a kafaɗarsa.

"Kada ki ɗauka na tuba," ya ce. "Mayafi na kawo miki."

Bai motsa baki ba har aka idar. Amma hularsa tana hannunsa, ya cire ta kamar yadda mazanmu ke yi lokacin addu'a.