Gwajin da Ya Tura Mota Gidan Baba

Kamfanin da Auta take aiki yana ba marasa lafiya aron na'urar numfashi, su yi jinya a gida. Akwai wata manhaja mai basira da ke karanta saƙonnin jama'a ta yanke abin da za a yi, 'yan ofis suna kiranta Ɗan Aike. Shi Ɗan Aiken nan ba ya gani, ba ya ji. An jera masa kayan aiki a kwamfuta, wannan na tura saƙo, wancan na sauya adireshi, kowanne da ɗan bayani a ƙarƙashinsa. Abin da bayanin ya faɗa shi ne iyakar saninsa. Aikin Auta kuwa shi ne ta ƙirƙiro saƙonnin ƙarya, ta ga ko bayanan suna kai shi inda ya dace.

To, ofishin suna da wata ɗabi'a da ni dai ban taɓa ganin hikimarta ba. Idan za a yi gwaji, ba a taɓa sunan baƙo, sai kowa ya sa na gidansu, wai ko an yi kuskure ba mai kai ƙara. Auta kuwa tana da nata a hannu, don mahaifinta ya daɗe a kan na'urar kamfanin, huhunsa ya gaji.

Ran nan da hantsi ta iso kan gwajin da kowa ke ƙi, na rasuwa. Ta sa sunan Baba, ta rubuta, "Mai wannan gida ya rasu." Sai da ta ce a'uzubillahi, sannan ta danna. Ai ɗakin gwaji ne, komai a cikinsa na wasa ne, ba abin da ke fita waje.

Ɗan Aike ya rubuta ta'aziyya mai kyau, ya rufe asusu, ya kira wani kayan aiki da ba ta sani ba. Ta ba shi maki, ta ci gaba da sauran gwaje-gwaje, har ta sha shayi. Sai can abin ya dawo mata a rai. Ta koma ta buɗe bayanin baƙon kayan aikin. Layi ɗaya ne tal: "Yana kwaso kaya daga gidan da aka daina buƙatarsu."

"Dogo," ta kira mai rubuta manhajar, wanda teburinsa ke bayanta, "wannan na kwaso kaya fa, yaushe ya shigo?"

"Jiya na saka," ya ce, bakinsa cike da biskit. "Kar dai ki ce bayanin ya yi gajarta, Sarauniyar Ƙorafi."

"Wa yake tura wa umarni?"

"Direbobi mana."

"Na wasa?"

Dogo ya daina tauna. Wallahi da ganin fuskarsa ba sai ya amsa ba. Bai gama haɗa na wasan ba, ya jona na gaske kafin nan, kuma bai ga dalilin rubuta hakan a bayani ba, tunda shi ya sani.

Tsoro ya kama Auta. Ta kira Mama, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Sai ta tuna yau ce ranar karɓo magani, Mama tana can a layi, wayar tana ƙasan jaka, ƙofa kuma a saye kawai take barinta saboda maƙwabta masu leƙowa. Ta kira Baba, shi kuma barcin hantsi yake yi, wayarsa kullum a kashe. Dogo yana ta danne-danne yana cewa zai soke, allon ya nuna masa an riga an kammala aiki.

Ta samo lambar direban, ta kira shi, ta tambaye shi zancen gidansu.

"Malama, ashe gidanku ne?" in ji direban, muryarsa a sanyaye. "Allah ya ji ƙan Baba, ya ba ku haƙuri."

"Kana ina? Ka shiga gidan?"

"Na fito tuni, ina kan babban titi, cunkoso ya riƙe ni. Na yi sallama ba a amsa ba, na ce ko an tafi maƙabarta. Na'urar tana nan falo bakin ƙofar ɗaki, igiyar iskar ta shige ciki. Ni dai ban leƙa ba, kin san ɗakin mamaci, ba daɗi. Na zare igiyar a hankali na ajiye, na ɗauko na'urar."

Auta ta buɗe baki ta ce ya juya, muryar ta ƙi fita. Dogo ya fizge wayarsa yana neman motar asibiti, yana tambayarta sunan layinsu, ita kuwa sunan layin da aka haife ta ya ɓace mata.

Direban bai ji komai ba, sai ya ɗauka kuka take yi, ya ƙara tausasa murya.

"Ki yi haƙuri, Malama, ruɗewa ce ta rashi, kowa yana yi. Har a kunne fa kuka bar na'urar. Ni na kashe muku."