Baƙin Tabo a Fuskar Kwamfuta

"Sake bugawa, Malama, a hankali," in ji mai gyara.

Malama ta buga kalmar sirrin karo na uku, tana bin yatsunta da ido kamar na wani ne aka ba ta aro. Fuskar kwamfutar ba ta nuna komai sai wani baƙin tabo da ya bazu kamar an kifar da kwalbar tawada, da layuka kore da shuɗi da suka sauko daga sama har ƙasa. Monita, wani allon kallo daban da mai gyaran ya jona mata da waya, ita ma ta ƙi cewa uffan.

"Shekara huɗu kullum sai na buga kalmar nan," ta ce. "Yau ne zan manta ta?"

"Ban ce kin manta ba. Mara lafiyar ce ba ta ji."

Haka yake kiran duk kwamfutar da aka kawo masa. Mutum ne da ba a halicce shi da gaggawa ba. Shagonsa wani lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, kantoci cike da kwamfutocin da aka farke wa ciki, ga fanka mara murfi tana kaɗa zafi daga wannan bango zuwa wancan. Ya cire wayar, ya hura bakinta, ya mayar. Shiru. Ya rataye ta a wuya ya shiga tonon wani kwali yana neman wata.

Ƙarfe sha ɗaya ta wuce. Tambayoyin jarabawar lissafi na aji uku suna cikin kwamfutar nan, shugaban makaranta kuma ya ce ƙarfe ɗaya yake son su, har ya kira sau biyu. Amma ba shugaban ne yake cin ran Malama ba. Abin da ta baro a gida ne.

Da safe ta fito daga wanka ta tarar da Baba a falo, kwamfutar a buɗe kan cinyarsa, yana kallon tabon. Tsohon malamin makaranta ne mahaifin nata. Tun da Mama ta rasu, hannunsa kuma ya fara rawa, ita ta kafe sai ya zauna a wurinta, har suka yi wata guda ba sa ga-maciji da Yaya a kan maganar. Kullum da safe sai ya buɗe kwamfutar ya kalli hoton Mama da ke fuskarta, sannan ya karya kumallo. Ya kuma fasa kofi uku a wata biyu. Malama ba ta tsaya tambaya ba.

"Baba, don girman Allah, abin da hannunka ba zai iya riƙewa ba ka daina taɓawa! Kofuna sun ƙare, yanzu an koma kan aikina?"

Ya miƙa mata kwamfutar da hannu biyu. Tana saka takalmi ta ji shi a ɗaki yana waya, muryarsa ƙasa ƙasa, yana ce wa Yaya ya zo ƙarfe biyu ya ɗauke shi. Ta ji, amma haushi ya hana ta komawa.

"Ga wata," in ji mai gyara, ya jona sabuwar waya. Sai ya sunkuya ya ƙura wa madannan ido, ya yi wata 'yar dariya da ta ƙara ƙular da ita. "Malama, da safe kin daddanna ta da fushi ko?"

"Na kashe na kunna, na kashe na kunna. Sai me?"

"Kin ga wannan 'yar fitilar? Kin kunna manyan baƙaƙe. Tun ɗazu ihu kike mata."

Ya kashe fitilar. Ta buga kalmar, monitar ta yi ƙifta-ƙifta, sai ga Mama ta cika allon, da mayafinta ruwan toka, tana dariyar nan da take rufe baki da hannu. Ita kaɗai. Babu fayil ko ɗaya, babu kibiyar linzami, babu komai.

"Ina kayana? Sun goge?"

"Suna nan. Ita a tunaninta ɗaki biyu gare ta yanzu. Ta ba mu hoto a wannan, kayan kuma ta bar su a wancan mai duhun."

"To ka shiga ka kwaso su mana!"

"Da lalube ake shiga."

Ya danna madanni biyu tare, ya ƙirga wani abu a bakinsa, ya danna na uku. Monitar ta yi baƙi ƙirin, har Mama ta tafi. Malama ta miƙe tsaye, kujerar roba ta faɗi a bayanta. Wayarta ta hau ruri, shugaban makaranta ne karo na uku. Ji ta yi kamar ta ɗauki kwamfutar ta maka da ƙasa, a huta gaba ɗaya.

"Na wuce da ɗaya," ya ce, ko a jikinsa. "Zauna, Malama."

Ya sake. Wannan karon komai ya dawo, fayiloli suka jeru a gefen fuskar Mama. Sha biyu da rabi ta tura wa shugaban tambayoyinsa daga nan inda take tsaye, ta sauke numfashi.

"Sabon gilashin fuskar fa?"

"Irin wannan sai an aiko da shi. Mako guda."

"Mako guda! Faɗuwa ɗaya kawai ta jawo mini duk wannan."

Mai gyara ya ɗaga kwamfutar ya juya ta, ya shafa kusurwoyinta huɗu da babban yatsa. "Wannan ba ta faɗi ba."

"A hannun tsoho na same ta, kuma hannunsa rawa yake."

"Allah ya ba shi lafiya, amma ba ta faɗi ba. Wadda ta faɗi, gefenta ne yake fara ba da labari. Duba nan." Ya haska tocila a ƙasan gilashin. Tsagar duk daga ɗigo ɗaya ta taso, ta watsu kamar saƙar gizo. "Wani abu aka rufe ta a kansa, aka kuma danna."

Ya sa ɗan hantsaki a gaɓar murfin ya zaro wani abu ya ajiye mata a tafin hannu. Guntun roba ne, ja, ɗan maƙalin marfin biro.

Malama ta ƙura wa guntun robar ido. Duk makaranta an san ta da wannan: inda ta tsaya da aiki, nan take kwantar da jan bironta ta rufe, littafin ɗalibi ne ko rajista. Jiya da yamma tana duba takardu tana buga tambayoyi, tukunya ta fara zuba a kicin, ta rufe murfin da gwiwar hannu ta ruga. Ta ma ji wani ɗan ƙas, ta ɗauka kujera ce. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

"Biron fa?" ta ce.

"Ni dai ba ki zo mini da biro ba."

Biyu saura minti biyar ta isa gida, bayan motar haya ta tsaya a kowace kwana kamar da gayya. Baba yana zaune a bakin gado, ya sa hularsa, jakarsa a kusa da ƙafa. Ta durƙusa a gabansa ta buɗe tafin hannunta. Ya dubi guntun robar, sannan ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da jan biro mai karyayyen marfi.

"A ciki na same shi da na buɗe," ya ce.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Ba ki tambaye ni ba, Auta."

Hawaye suka zubo mata. "Ka yafe mini. Wallahi ban san bakin da na faɗi maganar nan da shi ba."

"Na yafe. Ai da nawa laifin. Wa kika gani yana ajiye biro a cikin littafi tun kina rarrafe?" Ya saka mata biron a hannu, nasa hannun yana rawa. A waje mota ta yi oda sau biyu.

"Bari in ce wa Yaya ya koma."

"A'a, mutum ya baro aikinsa. Yaushe za a gama gyaran?"

"Mako guda."

"To zan yi masa mako guda. Ran da uwarki ta dawo fuskar kwamfutar, ki kira ni."

Ya miƙe. Ta kai hannu za ta ɗaukar masa jakar, ya riga ta.

"Bar ta," ya ce. "Wannan kam hannuna zai iya."