Kujerar Ilyasu Depite

"Ba inda za shi," in ji Tsahara, ta tare ƙofar ɗaki da mahuci a hannu. "Nan ya kwanta, nan zai tashi in da sauran kwana."

Alhaji Abdulmutallib, ɗan ƙanen mijinta, ya sake jero abin da ya zo da shi tun hantsi. Wai gidansa na unguwar Zariya ya fi iska, likita zai riƙa zuwa, kuma in ta Allah ta kasance, manyan gari ba sa ratso lungun Sabon Gari suna tsallake kwata don gaisuwa. Na ƙarshen nan shi ne zancen, kowa a layin ya sani. Tun da Alhaji ya fara shigo da shinkafa daga Kwatano yake jin warin unguwar da aka yanke masa cibiya.

Mai jinyar shi ne Ilyasu Depite, wato ɗan majalisa. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ɗan Tsibiri, gab da samun mulkin kai talakawa suka tura shi majalisa a Yamai, a jam'iyyar nan mai alamar raƙumi. Can ya yi ta hayaniya kan kuɗin gyaɗa da wahalar manoma, har aka hana jam'iyyar. Kujera ta tafi, shi kuma ya sha kaso sai da haƙoransa na gaba suka zube. Da ya fito ya kama noman hatsi a Jiratawa, da yamma yana koya wa 'yan dako karatu. Kamarad, wato abokin gwagwarmaya, yake ce wa kowa, daga liman har mai tallar kunu. In ka durƙusa gaishe shi, shi ma sai ya durƙusa, ku yi ta kallon juna har gwiwar wani ta gaji.

Suna cikin musun aka ji muryarsa daga kan gado, ƙasa-ƙasa.

"Kujerar nan... kar a ba su."

Alhaji ya girgiza kai. Ya fita zaure yana gaya wa 'yan dubiya cewa Baba ya fara sambatu, kujerar majalisa da aka ƙwace tun kafin a haife su ita ce a ransa har yau. Ya faɗa da tausayi, amma ya faɗa wa mutum ya fi goma. Tsahara dai ta koma ta ci gaba da fifita.

Bayan azahar ya cika. Ita ta shafe masa ido, ta ɗaure haɓar da gefen kallabinta, sannan ta aika a gaya wa liman. Kafin magariba an kai shi.

Washegari da safe sai ga mota a bakin lungu. Ta kawo rumfa, da kujeru masu jan katifa na sahun gaba, da na roba na bayansu. Tabarmi kuwa an jibge su can wajen kwata, na sauran mutane. Tsahara ta riga ta shiga takaba, ba ta da ikon fita. Ta tsaga labule ta hango, ta sa aka kira mata Alhaji.

Ta ce masa shekara da shekaru duk gidan makokin da mijinta ya je, a ƙasa yake zama, ya dawo yana mita wai mutuwa ma an yi mata sahun gaba. Kujerar Yamai ko sau ɗaya bai yi kukanta ba. Waɗannan na waje yake nufi.

"Inna, gwamna zai zo hwa," in ji Alhaji. "A mi zan zaunar da shi?"

"A abin da Idirisa mai amalanke zai zauna."

Alhaji ya ce ita ba ta san yadda gari yake tafiya yanzu ba, shi ne namiji a gidan, kuma an riga an sauke kaya. Tsahara ta gyara zama a kan tabarmarta.

"To bar su. Amma gwamnan naka na isowa zan hito da takabata in zauna kan ta tsakiyar, in miƙe ƙahwa. Ka san ni."

Ya san ta kuwa. Ya tsaya yana dubanta. Sai ya tattare babbar rigarsa ya fita, ya bugo ƙyauren langa-langar har ƙasa ta zubo daga saman ƙofa. Can ta ji ana maida kujeru cikin mota ɗaya bayan ɗaya, direba na tsaki.

Da rana ta take ta sake tsaga labule. An shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har bakin titi, mutane kafaɗa da kafaɗa. A gefe takalma ne tuli, wani baƙi mai sheƙi ya kife a kan silifa mai ɗaurin waya.