Gawo Biyar na Inna Kadi

Gawo biyar Inna Kadi take bin surukinta Manzo, kuma duk ƙauyen Tarka an sani.

Manzo tela ne, mijin ɗiyarta Raishatu. Wani wasa ya samu a waya, na kafa gari: in ka cika saran itace rijiya ta ƙafe, mutanenka su watse. Tun da ya kama wasan nan ya zama mai wa'azi a majalisa. Ba a wuce shi da ɗaurin itace bai ja tsaki ba.

Da bazara ta kawo kai, shi da bakinsa ya ce zai tsaya kan sassaben gonar surukarsa. A gonar akwai ƴan gawo biyar da tsohuwar ta daɗe tana reno, kowane ta ɗaura masa tsumma, alamar kada gatari ya taɓa shi. Manzo ya kawo ƴan ƙwadago baƙi, ya ce musu su share tas. Ya koma gindin aduwa ya duƙa kan waya, don fari ya faɗa wa garinsa na cikin wasan. Kafin ya ceto rijiyar can, an kwantar da biyar ɗin nan.

Suruka ba ta yi wa suruki faɗa ido da ido. Sai Inna Kadi ta zo gidan, ta zauna bayan zana, daidai inda ta san yana ji.

"Raishatu, an ce maigidanki na da itace dubu cikin aljihu?"

"Haba Inna, wasa ne fa."

"To roƙar mini shi. In koro awakina da rani, su ci ƴaƴan gawonsa."

Manzo na ɗaki yana ji. Bai fito ba sai da ya ji takunta ya yi nisa. Washegari ya aika Raishatu da kuɗi, ta dawo da su yadda suke.

"Ta ce gawo aka sare mata, gawo take bi."

Ya ɗauke ƙafa daga majalisa. Ya kewaye kututturan da ƙaya saboda dabbobi, kullum yana kai musu ruwa a kan jaki, yana bin bayan gari don kada abokai su tambaye shi labarin rijiyarsa.

Bayan kaka, kututture ɗaya ya yi toho. Yana durƙushe gabansa sai ga Inna Kadi da akuyarta. Ya sunkuyar da kai ya gaishe ta. Ta amsa, ta yagi bakin tsohon zanenta ta ɗaura wa tohon, sannan ta dubi akuyar.

"Saura huɗu," in ji ta.